Yaya Kallo Zai Sanyaya Iskar Gas?

Tambaya: Ni ɗalibi ne a ajin ƙarshe na sakandare. Na ji an ce masana suna sanyaya iskar gas ta hanyar sa mata ido da kyamara, alhali malaminmu ya ce duk wanda ya auna ƙwayar zarra sai ya dame ta. Na rasa wanda zan gaskata, har ina ganin ko kaina ne bai ɗauki Fiziks ba. Daga Aminu, Jajaye, ƙaramar hukumar Rogo.

Amsa: Malam Aminu, kwantar da hankalinka. Kana tambayar yadda kallo zai sanyaya abin da kallo ke damu. Wannan tambayar ce ke hana masanan kansu barci, don haka kanka lafiya lau yake. Malaminka ya yi gaskiya, labarin da ka ji ma yana da tushe.

Zafi dai motsin ƙwayoyin zarra ne. Idan motsin ya ragu, sanyi ya ƙaru, har a doshi iyakar sanyi, wato digiri 273.15 ƙasa da sifili. A 1995, Eric Cornell da Carl Wieman a Boulder ta Amurka suka tsare ƙwayoyin rubidiyam da hasken leza da maganaɗisu, suka kai su kashi 170 cikin biliyan na digiri ɗaya sama da wannan iyaka. Su da Wolfgang Ketterle suka karɓi kyautar Nobel a 2001. Sai dai hanyarsu tana da asara: ana barin ƙwayoyi masu zafi su tsere, mafi yawan gas ɗin ya salwanta.

Dabarar da ka ji tana neman rage wannan asara. Dubi ƙanwarka idan ta ɗauko bokitin ruwa a ka. Da ta ji ruwan ya karkata, sai ta ɗan gyara wuya, tangal-tangal ɗin ya lafa. Haka ake haska gajimaren ƙwayoyin da haske mai rauni, kyamara ta ɗauki hotonsa, kwamfuta ta gane inda ya nufa, ta gyara tarkon da ke tsare ƙwayoyin nan take don ya tare shi. Ashe gyaran da ke biyo bayan kallo shi ke sanyayawa. Simon van der Meer ya yi makamancin haka a cibiyar CERN, ya sami Nobel a 1984.

Maganar malaminka kuwa, kowane haske da ya taɓa ƙwaya yana ɗan ture ta. Haske ya yi ƙarfi, gas ya ɗumama. Ya yi rauni, hoton ya dushe, kwamfuta ta yi gyara a makance. Gwanintar ita ce gyaran ya cire zafi fiye da wanda kallon ya zuba.

Shawarata, ɗana, ka riƙe lissafi da kyau, ka koyi rubuta manhajar kwamfuta, domin babban ɓangare na wannan bincike a lissafi da kwamfuta ake yin sa. Jami'ar Bayero ta Kano da ta Ahmadu Bello ta Zariya duk suna da sashen Fiziks. Ka kai wa malaminka wannan amsa ku tattauna. Allah Ya yi maka jagora.