Dubiya Ba Ta Cika Sai An Dubi 'Ya'yan Majinyaci

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, karatun wannan mako a kan gidan da ciwon daji, watau sankara, ya kama uba ko uwa ne, alhali akwai ƙananan yara. Jama'a ba su sakaci da dubiya. Ana zuwa asibiti a yi sannu, a yi addu'a, a ajiye abin da ya sawwaƙa. Amma sau da yawa a daidai wannan lokaci yaran suna can gida ba a hura wuta ba, babbarsu ta bar makaranta tana goyon ƙaninta.

A watan Ramalana na shekara ta 2 bayan Hijira, sa'ad da Musulmi za su fita zuwa Badar, Nana Ruƙayya 'yar Manzon Allah tana kwance ba lafiya, ga kuma ɗanta Abdullahi yana ƙarami. Sai Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bar mijinta Sayyidina Usmanu a Madina domin ya yi jinyarta. Buhari ya ruwaito cewa an ba shi lada da rabon ganima daidai da wanda ya halarci yaƙin. To, in zaman jinya ya kai wannan matsayi, lalle wanda ya riƙe wa mai jinya gida da yara bai yi ƙaramin aiki ba.

Shi ciwon daji jinyarsa doguwa ce. Akwai tiyata, akwai maganin da ake sawa ta ƙarin ruwa, galibi bayan kowane mako 3 har tsawon watanni, wanda kan kawo amai da kasala da zubewar gashin kai. Akwai kuma gashi da na'ura, wanda sai an tafi manyan asibitoci irin na Zariya ko Sakkwato ko Abuja an yi makonni. Saboda haka taimakon kwana biyu ba ya isa. Ya kamata dangi da maƙwabta su zauna su raba aiki: wannan girki, wannan kai yara makaranta, wancan kuɗin mota.

Fiƙihu bai bar wannan babi ba. Na farko, uwa mai shan wannan magani likitoci kan hana ta shayarwa. Aya ta 233 a Suratul Baƙara ta halatta a nemi wata mace ta shayar da jariri a biya ta, in likita ya tabbatar da lafiyarta. Sai dai a sanar da dangi, domin a mazhabar Malikiyya ko shayarwa ɗaya a cikin shekara 2 tana haramta aure. Na biyu, tsarin da malamai suka yi wa reno ya gabatar da kaka ta wajen uwa, sa'an nan 'yar'uwar uwa, kuma wannan yana nuna hannun da yaro ya fi natsuwa da shi. Na uku, aya ta 60 a Suratut Tauba ta lissafa matalauta da waɗanda bashi ya danne a cikin masu cin zakka. Magidancin da magani ya cinye masa jari yana cikinsu, ko da kunya ta hana shi faɗa.

Saura abin da ya fi wuya, watau gaya wa yara gaskiya. Kada a ce musu uwarsu ta yi tafiya alhali tana asibiti, domin yaro yana jin raɗar manya, kuma abin da zai saƙa a ransa ya fi gaskiyar ban tsoro. Wani yakan zaci rashin jinsa ne ya kwantar da ita. A faɗa masa sunan ciwon gwargwadon hankalinsa, a tabbatar masa ba laifinsa ba ne, kuma ba a ɗaukarsa ta taɓawa ko cin abinci tare. A bar shi ya zauna kusa da ita, ya miƙa mata ruwa, ya yi mata addu'a. In da hali, kada a rarraba yaran gida-gida. Gara babba ya zo ya zauna da su a ɗakin da suka saba.

Da yawa suna warkewa, musamman in an je asibiti da wuri. Wanda kuwa ajalinsa ya zo, ba abin da zai sanyaya masa rai kamar ya ga 'ya'yansa a hannun da ya amince da shi tun yana raye.

Allah Ya ba marasa lafiya sauƙi, Ya raya zuriyarsu bisa tafarkin Musulunci, amin.