Filin Shawarwari: Intanet Tana Yankewa da Zarar An Ɗauke Wuta

 Allah ya gafarta Malam, ina da wata mas'ala da nake roƙon a warware mini. Ni malamin makarantar sakandare ne, kuma ina da kwamfutar tafi-da-gidanka mai Windows 10, wadda da ita nake shirya darasi, nake kuma shigar da sakamakon jarrabawar ɗalibai. Muddin tana jone da caja kuma akwai wuta, intanet ɗin da nake kamawa daga 'yar na'urar waifai ta gidanmu, mai batirin kanta, lafiya lau take tafiya; amma da zarar an ɗauke wuta ta koma kan batir, sai shafi ya tsaya cak, alhali wayata da ke kan wannan na'ura ba ta fasa aiki ba. Haka nan idan na rufe murfin kwamfutar na tafi salla, in na dawo ba ta sake kamawa sai na kashe ta na kunna. Mai gyara ya ce katin waifai ne ya mutu, in kawo kuɗi a sa sabo. Kafin in ɗauki wannan ɗawainiya ina neman shawarar Malam.

Naka, mai karatu daga Funtuwa.

 Malam, ka dakata da sayen kati tukuna, domin hujjar da za ta wanke katin nan tana cikin wasiƙarka: katin da ya mutu ba ya rarrabe tsakanin lokacin da akwai wuta da lokacin da babu, kuma tun da naka yana aiki a kan caja yana gazawa a kan batir, to, galibin zato illar tana wajen tsarin da ke tattalin wuta ne.

Bayanin al'amarin shi ne, Windows tana da hukunci biyu a kan kowane sashe na kwamfuta, ɗaya na sa'ad da take jone, ɗaya na sa'ad da take kan batir, kuma a tsarin da ake sayar da yawancin kwamfutoci da shi, da zarar ta koma batir sai ta umarci katin waifai ya shiga tsimi. Wannan tsimi yana cikin ƙa'idar waifai tun fitowarta a 1997. Katin yakan sanar da na'urar da yake kamawa cewa zai runtsa, ita kuwa ta riƙe masa saƙonninsa, tana yin shela kamar sau goma a kowace daƙiƙa, shi kuma ya farka a kan lokaci ya karɓi abin da aka ajiye masa, tamkar matafiyin da ya bar wa maƙwabci amanar wasiƙunsa. Idan ɓangarorin biyu sun cika alkawari, mai kwamfuta ba ya ma sanin ana yi. Amma idan na'urar ba ta kyautata ajiya ba, ko kuwa direban katin, wato manhajar da ke sarrafa shi, ya tsufa, sai saƙonni su salwanta, zance ya yanke. Mu da kwamfutocinmu ke wuni a kan batir, kullum muna cikin wannan.

Maganin kashi biyu ne. Da farko ka buɗe Control Panel, ka shiga Power Options, ka bi ta wajen sauya tsarin da kake kai har ka kai ga saitin da ya fi zurfi, inda za ka tarar da Wireless Adapter Settings. A layin batir ka zaɓi Maximum Performance, ma'ana kada a rage wa katin ƙarfi ko kaɗan. Wannan shi ne na yankewa idan an ɗauke wuta. Na biyu, wanda ya shafi rufe murfi, ka buɗe Device Manager, ka nemo katin a ƙarƙashin Network adapters, ka shiga shafinsa na Power Management, ka cire alamar da ke kan layin da ya halatta wa kwamfuta ta kashe katin don tsimin wuta, saboda akwai katunan da in an kashe su lokacin barci ba su farkawa daidai.

Sai dai akwai wani abu da yakan ɓata wannan aiki duka, wanda na fi so ka lura da shi. Kamfanoni da yawa suna saka tasu manhajar kula da batir a kan ta Windows, kuma ita takan mayar da saitin yadda take so bayan mutum ya gyara, har ya zaci gyaran ne bai yi ba. Ka duba ko akwai irinta a cikin taka, in akwai ka kashe tsiminta na waifai, sa'an nan ka sauke sabon direban katin daga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar, ka zaɓi Restart, domin tun daga Windows 8 kashewa ta al'ada ba ta sake loda komai daga tushe.

Haƙiƙa batir zai ɗan rage daɗewa, amma rage hasken allo kaɗan yakan fanshe wannan da ƙari. Ka jarraba ta hanyar zare caja da hannunka kana cikin buɗe shafi. In bayan wannan duka tana yankewa har a kan caja, ko katin ya ɓace ɗungum daga Device Manager, a nan maganar mai gyara ta tabbata, kuma ko da hakan ta faru, ɗan katin waifai da ake sokawa a kafar USB zai wadatar da kai ba tare da an buɗe cikin kwamfutar ba.