Amsoshin Tambayoyinku: Sai An Je Faransa Ake Iya Faransanci?

Wani matashi daga Badarawa, cikin garin Kaduna, ya rubuto mana cewa ya gama sakandare, kuma ransa na son karanta Faransanci da Tarihi a jami'a. Abokansa sun ce wanda bai zauna Faransa ba ba zai taɓa iya harshen ba. Kawunsa kuma ya tambaye shi me ya haɗa tarihin Bahaushe da Faransanci. Yana son sanin ko fita waje dole ne, in kuma zai fita, ina ya kamata ya dosa.

Ɗana, na ji daɗin wasiƙar nan ƙwarai. Bari in fara da tambayar kawu, domin ita ta fi nauyi, kuma tambaya ce ta mai hankali.

Iyakar Najeriya da Nijar, Ingila da Faransa ne suka shata ta, cikin yarjejeniyoyin da suka yi tsakanin 1890 da 1906, ta kuwa raba ƙasar Hausa gida biyu. Maraɗi, inda sarakunan Katsina suka koma bayan jihadi, da Tsibirin Gobir, da Damagaram, da Adar, duk sun faɗa hannun Faransa. Daga nan abin da aka rubuta a kansu, rahoton soja ne ko na haraji ko binciken malaman jami'a, mafi yawansa da Faransanci aka yi. Kisan Kyaftin Cazemajou a Damagaram a 1898, ɓarnar da rundunar Voulet da Chanoine ta yi a Birnin Konni a 1899, da turjiyar da Sarauniyar Lugu ta yi musu, labarinmu ne, amma takardunsa suna Yamai, da Dakar, da birnin Aix-en-Provence na Faransa. Littafin André Salifou kan Damagaram da na Djibo Hamani kan Adar, su ma da Faransanci suka fito. Daga Badarawa, ɗan hawa Keke Napep zai kai ka Gidan Arewa a titin Rabah, ka ga abin da aka tara na ɓangarenmu. Sai dai rabin labarin ke nan. Ya daɗe yana damuna yadda ɗalibanmu na Tarihi suke tsayawa a Jibiya kamar can duniyar Hausa ta ƙare.

Abokanka kuwa sun ɗan kauce. Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya tana da sashen Faransanci. Masu karanta harshen a jami'o'inmu sukan je Ƙauyen Faransanci na Badagry, a jihar Legas, idan sun kai aji uku. An kafa shi a 1991, bayan kuɗin tura ɗalibai waje ya gagara, don su zauna inda harshen kaɗai ake so a ji a bakinsu. Da yawa daga malaman Faransancin da ke makarantunmu ta nan suka bi.

In ka ƙudurta fita, Nijar ta fi kusa da kai, ta kuma fi dacewa da irin tarihin da kake nema. Akwai Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, akwai ta Damagaram mai sunan André Salifou ɗin nan. Digirin farko a tsarinsu ana ce masa lisans, shekara uku ne, sai masta shekara biyu. Amma ka sani tun ranar farko da Faransanci malami zai yi lacca, ba zai jira baƙo ba. Don haka ka fara koyo tun kana gida, ka nemi zama jarrabawar DELF, wadda ke auna ƙwarewar wanda Faransanci ba harshensa ba ne. Matakinta na B2, wato mai iya bin lacca ya kuma rubuta bayani da kansa, shi jami'o'in Faransa suka saba nema, kuma ko a Nijar shi ne ma'aunin da zan ba ka.

Ga wani tarko da ba a cika faɗa wa yara ba. A Damagaram mai shayi, mai gidan haya, har liman, duk Hausa za su yi maka, ko a Yamai Hausa za ta fisshe ka a kasuwa. A 2025 ma gwamnatin Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki. Mutum sai ya shekara uku ya dawo da Hausar Damagaram zalla. Maganin abin, ka nemi abokin ɗaki wanda ba ya jin Hausa, ɗan Chadi ko ɗan Benin, ka riƙa karanta jaridar Le Sahel kullum, ka daure wa dariyar abokai idan harshenka ya harɗe.

Kafin ka biya ko sisi, ka bincika a Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ko ta amince da makarantar. A watan Janairun 2024 ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo saboda badaƙalar takardun bogi, abin ya shafi har waɗanda suka yi karatunsu tsakani da Allah.

Ka gaida kawu. In da hali ku je Gidan Arewa tare, ka kuma rubuto mana abin da ya ce.