Yadda Shugabannin Duniya Suka Tunkari Rikicin Kuɗi na 2008

Mai sauraronmu daga Zinder yana tambaya: me shugabanni suka yi da tattalin arzikin duniya ya durƙushe a 2008?

To Malam, bayan bankin Lehman Brothers na Amurka ya karye a Satumba, bankuna suka daina ba juna rance, kowa na tsoron kuɗinsa ya maƙale. A Nuwamba shugabannin ƙasashen G20 suka yi taronsu na farko a Washington. Amma a Landan, Afrilun 2009, aka yi ta ta ƙare: suka yi alkawarin dala tiriliyan 1.1, galibi ta hannun asusun IMF, wanda aka ninka kuɗinsa sau uku zuwa dala biliyan 750. Matakin ya kwantar da hankalin kasuwanni, sai dai Afirka ta Kudu ce kaɗai mamba a G20 daga nahiyarmu a lokacin.