Yadda Sauti Ke Kashe Ƙwayoyin Cuta a Ruwan Gishiri

Tun zamanin kakanni ake adana nama da kifi da gishiri, domin gishiri yana zuƙe ruwan jikin ƙwayoyin bakteriya har su kasa hayayyafa. Sai dai ba dukansu ne gishiri ke kayarwa ba. Wadda ake kira Listeria, mai haddasa ɓarin ciki ga mata, tana iya hayayyafa a ruwan da gishirinsa ya kai kashi 10 cikin 100. Wannan babbar matsala ce ga masana'antun cuku da nama, saboda sukan yi ta tsoma abinci cikin ruwan gishiri guda. Idan kuwa ya gurɓata, duk abin da ya shiga ya ɗauka.

Ɗaya daga cikin dabarun tsabtace wannan ruwa ita ce sauti. Kunnen ɗan Adam ba ya jin sautin da kaɗawarsa ta wuce sau 20,000 a sakan ɗaya, irin wanda jemage ke laluben hanya da shi. A shekarar 1929 wasu masana biyu a Amurka, Harvey da Loomis, suka nuna cewa irin wannan sauti yana hallaka bakteriya.

To, ta yaya? Idan aka aika shi da ƙarfi cikin ruwa, yakan matse ruwan ya sake shi, sai 'yan mitsi-mitsin kumfa su bayyana, su kumbura, su fashe. Wurin fashewar, zafin cikin kumfar yakan kai wajen digiri 5,000 na ɗan ƙiftawar ido, ruwa kuma ya feso da ƙarfi ya yage fatar ƙwayar da ke kusa, ta mutu.

Amma fa dabarar tana da iyaka. Ƙwayoyi masu kaurin fata, kamar Listeria, sun fi Salmonella taurin kai, waɗanda suka ƙulle kansu cikin ɓawo kuwa da wuya su ji komai. Shi ya sa ake haɗa sautin da ɗumi na digiri 50 zuwa 60, wanda bai kai ya dafa abinci ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ɗalibi ya lura: gishiri yana rage haɗari ne kawai, bai kawar da shi ba. Wanke hannu da dafa abinci sosai suna nan a matsayinsu.