YADDA AKE AUNA ABIN DA KE CIKIN RUMBUN ƘARFE

Manomi mai rumbun ƙasa in yana son sanin abin da ya rage masa na hatsi, sai ya ɗaga marfi ya leƙa, shi ke nan, gani ya kori ji. Amma manyan rumbunan ƙarfe na kamfanonin niƙa, da tankunan man gyaɗa, ba su leƙuwa haka. Waɗansu sun fi mita 20 tsawo, cikinsu kuwa duhu ne da ƙura. Don haka aka ƙago na'urori masu nuna inda kaya ya tsaya a ciki.

Awon ruwa da mai ya fi sauƙi, domin samansu a shimfiɗe yake. Tsohuwar dabara ita ce sanda mai zane, irin wadda ake tsomawa a tankin gidan mai. Akwai kuma na'urar da ake ɗaurawa a gindin tanki, tana auna nauyin abin da ya danne ta. Amma fa lita guda ta ruwa kilo guda ce, ta man gyaɗa kuwa ba ta kai ba. In an saita na'urar don ruwa, aka zuba mai har mita 10, za ta nuna mita 9 da 'yan kai.

Na hatsi iri-iri ne. Akwai igiya mai ƙarfe a baki, wadda inji ke saukarwa daga sama har ta taɓa hatsi, sa'an nan a karanta tsawonta. Akwai 'yar farfela mai juyawa a jikin bango. Da hatsi ya kai gare ta sai ya tsai da ita, ƙararrawa ta kaɗa, watau rumbu ya cika. Akwai mai aiki da sauti, kamar yadda jemage ke gane hanya da dare. Tana aika ƙara ƙasa, ta lissafta lokacin da amsa-kuwa ta ɗauka kafin ta komo. Aibinta biyu: ƙura na shanye ƙarar, zafi kuma na ƙara wa sauti gudu. Yana cin mita 343 a daƙiƙa in zafi na digiri 20, amma wajen 355 in ya kai 40, shi ya sa ake haɗa ta da ma'aunin zafi. Ta huɗu ita ce rada, 'yar'uwar wadda ake gano jirgin sama da ita. Ba ruwanta da zafi, ƙura ma ba ta cika damunta ba, sai dai ta fi tsada.

To, ga inda ya kamata akawu da ɗan kasuwa su lura. Duk waɗannan tsawo suke aunawa, ba nauyi ba. Akwati mai mita guda ta kowane gefe yana cin wajen kilo 720 na busasshiyar masara, shinkafa mai ƙaiƙayi kuwa wajen 580. A rumbu mai faɗin mita 10, kowace mita guda ta tsawo ta fi tan 56 na masara, watau buhu 560 da ɗoriya na kilo 100. Kuskuren mita guda kuwa ba wuya. In ana zuba hatsi sai ya yi tsibi a tsakiya, in ana jansa ta ƙasa sai ya lotsa kamar mazurari. Na'urar da ta dubi kan tsibi za ta faɗi fiye da abin da ke akwai. Saboda haka awonta na gudanar da aiki ne. In ciniki za a yi, ko biyan manomi, lalle a koma ga sikeli.

Abu na ƙarshe ya fi kuɗi. In na'ura ta lalace, kada a tura leburan sito ya shiga ya duba. Hatsin da ake ja ta ƙasa yana haɗiye mutum kamar taɓo, kafin minti guda ya rufe shi. Maganin da ake turara hatsi da shi don kashe ƙwari kuma guba ne. In shiga ta zama tilas, sai a kashe inji, a bar iska ta ratsa, a ɗaura wa mutum igiya, waɗansu kuma su tsaya a waje suna riƙe da shi.