Kafin a Sa wa Tsohuwar JCB Makulli

A daminar bara wani Alhaji ya kira ni in duba masa wata JCB 3CX da ya saya a gwanjo. Ta shekara da shekaru a ajiye a bayan wani yadi, ciyawa ta rufe tayoyinta, zanzaro ya gina ɗaki a jikin sitiyari. Ko da na isa, har an sayo sabon batir da gwangwanayen fenti ruwan ɗorawa, direba na tsaye yana kaɗa makulli. Na ce, "Ranka ya daɗe, fentin nan a kai shi shago tukuna. Makullin kuma a ba ni in sa a aljihu." Bai ji daɗi ba, amma ya ba ni.

Mutanenmu duk injin da ke haƙa ƙasa katafila suke ce masa. Wannan dai ita ce mai babban bokiti a gaba na lodi, da hannu a baya na haƙa. Joseph Cyril Bamford, wanda ya kafa kamfanin JCB a Ingila a 1945, shi ya ɗaura wa tarakta irin wannan hannun a 1953, samfurin 3CX kuma ya fito a 1980. Ta Alhaji tana cikin na farko-farko, masu injin Perkins 4.236, silinda huɗu, kusan lita 3.9. Abin da ya sa na ce ta cancanci wahalarmu ke nan. Babu kwamfuta a cikinta, sifana da kunne sun ishe ka, kuma irin injin ne ke cikin taraktocin Massey Ferguson da yawa, don haka kayansa ba sa gagara a Ƙofar Ruwa ko Panteka.

To me ya hana a tashe ta? Injin da ya daɗe a kwance yana tara ruwa. Raɓa na taruwa a tankin gas, ta kwanta a ƙasa, wani baƙin kauci mai yauƙi ya tsiro a kanta. Ka murza makulli, duk wannan ƙazantar ta wuce cikin famfon injekta, abin da ya fi komai tsada a jikin injin. Da muka kwance noti a ƙasan injin Alhaji, ruwa ne ya fara zuba kafin baƙin mai ya biyo. Muka wanke tanki, muka canja filtoci, muka cire nozul muka ɗiga mai a kan fistan, muka bar shi kwana biyu, sannan muka juya injin da hannu. Ranar tashi na tsayar da yaro riƙe da katako a bakin hanyar iska, saboda idan famfo ya cije a buɗe, injin gas zai yi ta gudu ko ka kashe makulli, sai an toshe masa numfashi.

Amma injin ba shi ne ran wannan mashin ba. Man haidirolik ne. Namu ya fito fari-fari kamar koko, alamar ruwa ya shiga. Wasu kuma in mai ya yi ƙasa sai su antaya baƙin mai da mazurari mai ƙura, a tsakiyar hunturu, su ce ai duk mai mai ne. Famfon haidirolik ba ya yafe ƙura. Sai sandunan silinda, waɗannan masu ƙyalli. Bi su da farcenka. In farce ya maƙale a ramin tsatsa, sabon sil ɗin da za ka sa ba zai daɗe ba zai yage, ka dawo kana zagin mai kaya alhali ba laifinsa ba ne. Haka fin da bushin: kafa bokitin baya a ƙasa, a motsa hannun a hankali, ka zuba ido a kowace gaɓa. Inda ya yi gwaɗ-gwaɗ, an daɗe ba a ba shi giris ba. Mun kankare gindin hannun muka tarar da tsohuwar walda a kan tsagewa, an shafe ta da fenti. Shi ya sa in na ga tsohuwar mashin tana walƙiya a wurin dillali, sai in ƙara buɗe ido.

Abin da ya sa ni ɗaukar biro shi ne ranar da muka fara gwada hannun. Wani tiyo ya riƙa jiƙewa, ba mu ga ta inda man ke fita ba. Yarona ya miƙa hannu zai shafa. Ban san lokacin da na doke hannun ba. Ya ce, "Oga, ai ɗan tsiyaya ne." Na yago kwali na bi tiyon da shi, nan take man ya zana masa layi kamar an ja da wuƙa. Ƙarfin da ke cikin tiyon nan ya haura 200 a ma'aunin "bar", tayar ƙaramar mota kuwa ba ta kai 3 ba. Irin wannan man yana huda fata ya shige cikin nama, a waje ka ga ɗan tabo kamar na allura, da farko ma ba ciwo sosai. Wanda abin ya samu kada ya tsaya kemis, kada ya shafa man zafi. Asibiti zai nufa a take, ya gaya wa likita man haidirolik ne ya shige shi, don aikin tiyata ne na gaggawa, jinkiri kan jawo yanke yatsa ko hannu.

Kada kuma kowa ya shiga ƙarƙashin bokitin da ke sama ba tare da an sa ƙarfen tokare ba. Mai kaɗai ke riƙe da shi, tiyo mai shekara talatin kuwa ba ya sallama kafin ya fashe. In za ka kwance tiyo, sauke komai ƙasa, kashe injin, ka kaɗa libobin gaba da baya har ƙarfin ya fita.

Wata uku muka yi a kan JCB ɗin Alhaji. Da lokacin fenti ya zo, Alhaji ya aika a ɗauko gwangwanayensa, aka tarar wanda direba ya buɗe tun ranar farko ya daskare, sai da ya sayi wani.